Hular da Na Kawo wa Morris

Tun kafin a buga mana biza abu ɗaya yake hana ni barci, sanyi. Ɗana Abba sikila gare shi. A gida ma, in aka kwana ana ruwa da damina, sai in ga yatsunsa sun fara kumbura, ya riƙa cewa, "Umma, ƙashina." To ga shi za mu garin da aka ce ruwa daskarewa yake a kan titi. Ana cikin wannan sai wata maƙwabciyarmu ta ɗora mini wani. Wai a Amurka in ka kai yaro asibiti suka ga ya jigata, sai su ce uwar ce ba ta iya riƙo ba, su ƙwace shi su ba wata Baturiya. Matar nan ba ta taɓa wuce Zariya ba, amma maganarta ta zauna mini a ƙirji, har cikin jirgi da ita na shiga.

Maigidana ya riga mu zuwa tun Abba yana goye. Duk lokacin da ya kira, kalma ɗaya ba ta barin bakinsa. "Yanzu na dawo Morris." "Ina nan Morris." "Mutanen Morris suna gaishe ku." Mu kuwa a Bichi mun san yadda ake zaman baƙunta: baƙo yana da mai masauki, kuma da sunan mai masaukin ake nemansa. Sai muka yanke cewa Morris wani Bature ne mai kirki da ya sauke shi a gidansa. Ban taɓa tambaya ba, don abin da ka ɗauka ka sani ba ka tambayarsa. Surukata Hajiya Inna har addu'a take yi wa Morris bayan salla, Allah ya shirye shi ya musulunta. Da za mu taho ta sa aka sayo hula kube mai ruwan ƙasa, ta naɗe ta a leda ta ce, "Ba a shiga gidan mutum hannu rabbana. Ki durƙusa ki ba shi, ki ce in ji uwar yaron da ya riƙe." Na sa hular a jakar hannuna tare da fasfo ɗinmu.

Jirginmu na farko ya makara, sai aka sauya mana wani a hanya. Ban san cewa sauya jirgi yana sauya ƙofar fita ba. Filin jirgin JFK gari ne guda, gine-gine ne barkatai. Maigidana yana can yana jira a wani gini, ni na fito ta wani da safe, da akwati da goyo. Layin wayata na gida ya mutu tun a sama. Na tsaya ina duba fuskoki har waɗanda muka sauka tare suka watse. Duk sanda ƙofar gilashi ta buɗe sai wata iska ta shigo kamar an watsa mini ruwan randa. Silifas ne a ƙafata.

Nan wani baƙin mutum mai rigar fata ya matso ya ce, "Sannu, Hajiya. Sannu da zuwa."

Wallahi sai da na ji hawaye. Daga baya na gane iyakar Hausarsa ke nan, ya haddace ta ne kamar yadda mai kamun kifi yake tanadin tana. Sauran da Turanci ya yi, da nuni. Ni aji huɗu na tsaya a firamare, amma na tsinci "hosban" a ciki, na gane yana cewa mijina ne ya aiko shi. Ya karɓi akwatin. Da muka shiga mota ya juyo ya tambaye ni ina za mu. Na ce, "Morris." Ya ce, "Oke, Morris."

Mun hau wata doguwar gada kafin abin ya faɗo mini: wanda aka aiko ai ba ya tambayar inda za shi.

Na rungume Abba. Ta taga ina ganin itatuwa tsirara babu ganye ko ɗaya, na ce a raina wane irin fari aka yi a ƙasar nan. Mutumin ya miƙo hannu ya ce in ba shi wayata ya kira maigidan. Na ba shi. Ya kara a kunne yana magana yana dariya, ni kuwa daga baya ina kallon fuskar wayar, baƙa ƙirin, ko haske ba ta kawo ba. Na fara karanta duk abin da ya zo bakina.

Ya tsaya a wata unguwa mai tsit, gidajen jan bulo a jere, ya nuna mini wani koren allo a saman ƙarfe. Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya yadda aka koya mana, sai ga shi, Morris. Zuciyata ta ɗan sauka, har na ji kunyar zargin da na yi masa. Ya karɓi kuɗin mota, ya nuna wata ƙofa ya ce in je in ƙwanƙwasa, shi zai fito da akwati. Ban kai ga matakalar ba na ji motar ta tashi. Akwatin ya tafi, da takardar da aka rubuta mini adireshi, da rigunan sanyin Abba, da maganinsa. Waya ta tafi da lambar maigidana a ciki.

Duk da haka na ƙwanƙwasa. Kare ya yi haushi, wani tsoho ya leƙo ta gilashi. Na ce, "Morris?" Ya girgiza kai ya saki labule. Na gwada ƙofa ta gaba, da ta gabanta. A garinmu ko yaro ka tare ka ce gidan wane, zai kai ka har zaure. Nan kowa na faɗa wa sunan sai ya nuna mini ƙasa, ko ya nuna allon, ya wuce da sauri. Na kwance Abba na mayar da shi gaba cikin hijabina don ɗumin jikina ya same shi. A nan ya faɗi abin da nake tsoro tun daga gida.

"Umma, ƙashina."

Karatun Alƙur'ani ne ya ja ni zuwa wani kanti a kan kwana. Na yi sallama, wani Balarabe mai furfura ya amsa. Mutumin Yaman ne. Bai tambaye ni komai ba sai da ya ajiye mini akwakun lemo kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ya haɗo shayi da madara. Na tattaro ɗan Larabcin Islamiyya na ce masa miji, na ce yaro, na ce ciwo, na ce Morris. Ya buɗe taswira a wayarsa yana nuna mini wurare da yatsa, nan Morris, can Morris, can ma Morris. Ban gane ba. Na ɗauka yana nufin mutumin gidaje ne da shi da yawa.

Ana haka wata mata ta shigo sayen burodi, gajera, kakkaura, da kayan aiki masu zanen furanni a ƙarƙashin wata babbar rigar sanyi ruwan toka. Balaraben ya yi mata magana. Ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ei! 'Yar uwa, daga ina ka fito da yaro cikin wannan sanyi? Silifas ka sa!"

Hausa ce, amma irin ta zangon Gana, wadda ake ce wa mace "ka" kamar namiji. Da a wata rana ce da na yi dariya. Ran nan kama hannunta na yi da hannu biyu. Ta ce sunanta Memuna, 'yar Kumasi, tana kula da wata tsohuwa a unguwar, yanzu ta tashi daga aikin safe. Na zayyana mata komai, na ƙare da cewa ta taimake ni ta nuna mini gidan Morris.

"Wane Morris?"

"Mai masaukin maigidana. Bature ne." Har na ciro hular na nuna mata.

Ta fashe da dariya, sai ta ga fuskata ta haɗiye sauran. Ta zauna a kan wani akwaku ta ce, "Morris ya mutu, 'yar uwa. Ya mutu tun kakan kakanka bai zo duniya ba. Danginsa masu gona ne, duk nan wajen nasu ne da. Suna ne kawai ya rage a kan titi. Nan da kake zaune Morris Park. Akwai Morris Avenue. Akwai Morris Heights, akwai Port Morris can bakin ruwa, akwai Morrisania inda ni nake kwana. Mutane kuma masu sunan ba su kirguwa, fari da baki. Kamar ka sauka Kano ne ka ce kana neman gidan Alhaji."

Na dubi hular a cinyata. Duk tsawon tafiyar nan, ashe wurin wanda babu shi na nufa.

"To bar Morris," in ji ta. "Mene ne sunan mijinka?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baban Abba."

"Sunansa na ce."

Tun da aka kai ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa. Uwata ba ta taɓa kama na babana ba har ya rasu. Sai na miƙa mata fasfo ɗin Abba. Ta karanta ta yi tsaki.

"Masu wannan suna, in ka shiga masallaci ran Juma'a ka kira, sahu guda zai juyo. Kuma nan ba a san mutum da sunan fasfo ba."

Ta ja hannun Abba ta duba. Bayan hannun ya tashi kamar an hura, ya yi zafi. Tana taɓawa ya ƙwalla ƙara. Fuskarta ta sauya.

"Sikila ne? Wannan yaro asibiti za shi. Yanzu."

Na zame daga kan akwakun na durƙusa a gabanta. Na ce ta rufa mini asiri, ba ni da adireshi, ba ni da miji a hannu, ba ni da Turanci, ga yaro babu rigar sanyi. In suka gan mu a haka ai shi ke nan, sun samu hujjar ƙwace shi.

"Wa ya gaya maka wannan karya?"

"A gida aka faɗa."

"A gida!" Ta dubi Balaraben kamar zai taya ta, ta dubi agogonta, ta ce tana da wani aikin da rana kuma matar da take yi wa aikin ba ta da haƙuri ko kaɗan. Sannan ta tuɓe rigar sanyinta ta naɗe Abba da ita har kai. "Ji nan. Morris daya za mu gwada. Daya. In ba shi, asibiti, ko ka yi kuka ko ka yi birgima. To wanne? In yana kiranka a bidiyo, me kake gani a bayansa?"

Na rufe ido. Karatu ne ban yi nisa ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mini. Na ce akwai wani shago mai gilashi da injinan wanki suna juyawa a ciki. Kusa da shi ana jera doya a kwali a bakin ƙofa. Akwai kuma teburin wani mai sayar da turare da safar hannu, Badamagare mai haƙorin Makka, wanda kullum sai ya tura fuskarsa cikin wayar ya ce, "Ina matar bawana?" Wasan Kanawa da Damagarawa ne, shi ya sa yake ce wa maigidana bawansa.

"Doya da masu tebur 'yan Nijar," in ji Memuna. "Morris Avenue ke nan, ko kusa da shi. Tashi."

Balaraben ya ƙi karɓar kuɗin shayi, ya cusa mini safar ƙafa sabuwa a hannu.

A cikin bas Abba ya daina kuka, sai nishi. Duk uwar mai sikila ta san wannan shirun ya fi kukan muni. Wata mata a kujerar da ke fuskantarmu ta kafe mu da ido, ta ciro waya. Na ce shi ke nan, 'yan sanda take kira. Na ƙanƙame yaron har ya motsa. Ashe fitar da wayar kawai ta yi don ta lalube jakarta, ta ciro wata 'yar leda mai ɗumi kamar an ɗauko ta daga bakin murhu, ta nuna mini in sa masa a hannu. Ban san da wane yare zan gode mata ba, na yi da Hausa.

Memuna kuwa tana zaune da 'yar rigar aiki, hannuwa a hammata, wayarta tana ta ruri tana kashewa.

Muka sauka muka taka. Unguwar nan dabam take da ta farko, ga hayaniya, ga mata da hijabi, ga ƙamshin soyayyen kifi. Mai teburin farko ba ya jin Hausa. Na biyu mutumin Tawa ne, ya ce masu haƙorin Makka ai suna da yawa, mu ƙara gaba. Muka wuce shagon wanki guda, babu doya kusa da shi. Muka wuce mai doya, babu injin wanki. Leɓen Abba ya fara yin fari. A bakin wata mahaɗa Memuna ta tsaya ta riƙe kafaɗata.

"Ya isa. Ga tasi can. Mun yi alkawari."

Na dubi yaron, na san gaskiyarta. Na ce to. Ta ɗaga hannu ke nan za ta tsayar da mota, sai na ji wata murya daga bayan kwanar, shaƙaƙƙiya, tana jan kalma, tana tallar turare da safar hannu: "Turaare! Gulob, gulob, turaare!"

Ban ce mata komai ba, na ruga. Ga injinan wanki suna juyawa. Ga doya a kwali. Ga shi nan a bayan teburinsa, ya fi yadda yake a waya tsufa. Na tsaya ina haki na ce, "Salamu alaikum. Ni ce matar bawanka."

Kwalbar turaren da ke hannunsa ta faɗi a kan tebur. "La'ilaha illallahu! Madam! Ke ce? Lahiya? Bawana ya kusa zaucewa! Ya tahi ya dawo, ya ce ko kin iso gida, yanzun nan ya bar nan zai koma hilin jirgi. Ga shi can! Ga shi can zai shiga mota!"

Can tsallaken titi, titi mai faɗi da motoci suna ta wucewa, na hango shi. Ya rame. Waya a kunnensa, hannu ɗaya a kan ƙofar wata baƙar mota. Mai turaren ya ɗaga murya, "Kai Bakano! Bawana!" Wata babbar mota ta danne muryar. Ya shiga laluben wayarsa da safar hannu, ya kira, layin yana kan wani kiran. Na ce, "Baban Abba!" Ko gezau. Ya buɗe ƙofar. Ya sa ƙafa ɗaya ciki. In motar nan ta tashi, sai ta sake haye doguwar gadar nan da shi, ni kuma in shiga asibitin Turawa ni kaɗai da yaro a hannu.

Sai na kira sunansa. Sunan da uwarsa ta raɗa masa, yadda ake faɗinsa a Bichi, da duk ƙarfin da ya rage mini. Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗayan nan ya isa.

Ya tsaya cak. Ya juyo. Daga baya ya ce mini bai taɓa jin sunansa da wannan muryar ba, amma ko a kabari yake zai gane ta. Ya ratso titin motoci suna ta yi masa hon, ya karɓi Abba, ya buɗe rigar ya ga hannun.

Mai turaren, Alhaji Isuhu, yana share ido da bayan safarsa yana cewa, "Amurka ta gama da Kanawa. Ranar hwarko, ta kama sunan miji a tsakiyar titi! Bon, to, ku bar kallon juna, ku kai yaro likita."

"Asibiti," in ji Memuna daga bayana. "Yanzu, ba anjima ba." Ta tsallakar da mu titin, ta tura mu cikin baƙar motar da hannunta. Ina ƙoƙarin zare rigarta daga jikin Abba ta buge mini hannu. Bas ɗinta ya tsaya a gaba, ta ruga da 'yar rigarta mai furanni, burodin a hammata. Ban karɓi lambarta ba. Ba ni ma da wayar da zan sa.

A asibiti na riƙe ƙafar Abba na ƙi saki, ina jiran wanda zai zo ya ɗauke shi. Babu wanda ya zo sai masu ƙarin ruwa da allurar kashe zafi da bargo mai ɗumi. Har ni aka kawo wa bargo. Wata nas baƙa doguwa ta riƙa shafa kansa tana yi masa waƙa. Na haɗa baƙaƙen da ke maƙale a ƙirjinta, sai ga Morris. Na yi dariya har ta koma kuka, ita kuma ba ta san dalili ba, ta dafa ni kawai. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da ciwon ya hau ƙirji. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai na tashi zaune.

Da aka sallame mu na ba maigidana labarin hular. Ya yi dariya har ya riƙe ciki, washegari kuma ya kai labarin teburin mai turare. Alhaji Isuhu ya aiko a karɓo masa ita, wai kayan bawa ai na ubangidansa ne, kuma duk titin babu wanda ya kai shi daɗewa, don haka shi ne Morris. Har yanzu ita yake sawa ran Juma'a, kuma Alhaji Morris ake ce masa. Da Hajiya Inna ta tambaya a waya, na ce mata an ba shi, ta yi masa daidai, ya gode.

Abba ya shiga makaranta yanzu. In na yi masa Hausa da Turanci yake amsa mini. Lambar babansa kuwa na sa ya haddace ta kamar Fatiha, ni ma haka.

Rigar tana nan. Na wanke ta na rataye a bayan ƙofa. Na koma kantin Balaraben, ya ce tsohuwar da Memuna take kula da ita ta rasu, tun daga nan bai sake ganinta ba. Na tambaya a masallatai da wuraren suna, aka nuna mini Memuna 'yar Kumasi har na gaji, babu ita a ciki. Ashe su ma kamar Morris suke.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanenmu na Gana da ke Morrisania. In kun san wata Memuna gajera mai aikin kula da tsofaffi, wadda ta taɓa komawa gida ranar sanyi babu rigarta, ku gaya mata yaron ya tashi. Ku ce ta zo teburin mai turare kusa da shagon wanki ta tambayi matar bawansa. Rigarta tana wurina, kuma ina so in gode mata a zaune.